Yadda muka bi matakan gwajin haihuwa ni da maigidana, daga buɗe kati har zuwa dashen ƙwai

Shekararmu ta biyu da aure ta kusa cika lokacin da muka yanke shawarar zuwa asibiti ni da maigidana. Ban taɓa ɗaukar ciki ba, al'adata kuma tun ina budurwa ba ta da tsayayyen lokaci, wani sa'in ta zo bayan kwana 35, wani sa'in ta yi wata biyu ba labari. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da ke gaba, ga kuma wanda ke bin sa. Kowane mataki sai da muka taka shi muka san da shi, kuma watanni da dama sun tafi a banza saboda rashin sanin cewa kusan kowane gwaji yana da ranarsa. Shi ya sa nake so in jera abin yadda ya zo mana, ko wasu za su samu sauƙi.

Likitan da muka fara gani ba ƙwararre ba ne a fannin, amma shi ya fara kwantar mana da hankali. Ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kiran abu rashin haihuwa ne idan ma'aurata sun yi wata 12 suna saduwa akai-akai ba tare da wani tsarin iyali ba kuma ciki bai shiga ba. Idan mace ta haura shekara 35, wata 6 ya isa a fara bincike. Wadda kuma al'adarta ke wasa irin tawa, ba sai ta jira shekara ta cika ba. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana haɗuwa da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Ya rubuta mana takardar turawa zuwa sashen mata da haihuwa, ya kuma ce in fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin a samu cikin, domin yana kare jariri daga nakasar lakar baya a makonnin farko.

Ranar da muka je wajen ƙwararriyar, sai da muka buɗe kati biyu, nawa da nasa. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta ce ba a buɗe wa mace ita kaɗai fayil a wannan sashe in dai tana da miji. Jira ya yi tsawo, mun shiga da hantsi ba a kira mu ba sai bayan azahar. A kan bencin mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, kowace da 'yar jakar takardunta, ba mai kallon idon wata. Da muka shiga, likitar ta yi min tambayoyi da ban zata ba: yaushe na fara al'ada, kwana nawa take yi, da ciwon mara ko babu, ko an taɓa yi min tiyata a ciki, ko na taɓa fama da ciwon sanyi, ko ruwan nono yana fitowa ba tare da shayarwa ba, ko gashi yana fito min a haɓa. Daga nan ta juya wajen maigida. Ta tambaye shi ko ya taɓa yin hangum bayan ya balaga, ko ya taɓa buguwa a maraina, ko yana shan taba, ko yana aiki a wuri mai zafi, ko ya taɓa yin allurar ƙarin ƙarfi ta testostaron. Ta ce wannan allura da wasu maza ke yi da sunan ƙara kuzari tana iya tsayar da samar da maniyyi gaba ɗaya. Sai ta ce, "Malam, da kai za mu fara. Gwajinka ya fi sauƙi, ya fi araha, ba ya kuma da zafi. A kusan rabin waɗanda ke zuwa nan, akwai hannun namiji a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar." Na ga fuskarsa ta canja, amma bai yi musu ba. Har gobe ina gode masa a kan wannan.

Gwajin maniyyi yana da ƙa'idojinsa. An ce ya ƙaurace min tsawon kwana 2 zuwa 7, kada ya gaza kada ya wuce. Aka ba shi 'yar roba mai murfi da sunansa a jiki, aka ce in a gida zai tara, dole ta isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, a aljihun da ke jikinsa don kada ta yi sanyi. Da sakamakon ya fito, takarda ce cike da lambobi da ba mu gane komai a ciki ba sai da likita ta bi mana su ɗaya bayan ɗaya. A ma'aunin da hukumar lafiyar ta sabunta a 2021, ana so a samu aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 30 suna tafiya gaba sosai, kashi 4 kuma masu cikakkiyar siffa. Wannan na ƙarshe ya ba ni mamaki, ashe ko a namiji lafiyayye mafi yawan ƙwayoyin ba su da siffa mai kyau. Na maigida adadin ya gaza, motsin ma ya gaza. A mota bai ce uffan ba har muka isa gida. Da dare ya ce min, "Ashe ni ne." Na ce masa, "Yallaɓai, ba a ma duba ni ba tukuna, ka bari mu ji ƙarshen magana." Likita ta riga ta faɗa mana cewa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya gama ƙera sabon maniyyi, don haka zazzaɓi mai zafi da mutum ya yi wata biyu baya yana iya ɓata sakamakon yau. Aka ce ya dawo bayan wata uku a maimaita.

A cikin wannan jira aka shiga nawa, kuma a nan na gane cewa kalanda ce ke mulki. Ranar da jini ya fara zuba sosai ita ce rana ta 1, ba ranar da aka ga ɗan ɗigo ba. Tsakanin rana ta 2 da ta 5 ake ɗibar jini don auna sinadaran FSH da LH da estiradayol, waɗanda ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke umartar ma'ajiyar ƙwai. Akwai AMH da ke ba da hasken yawan ƙwan da ya rage wa mace, shi ana iya yin sa kowace rana. Aka haɗa da gwajin tayirod da na furolaktin, sinadarin da ke sa ruwan nono, domin idan ya yi yawa yana hana ƙwai fita. Wanda ya ɓata mana lokaci shi ne na furojestaron, mai tabbatar da ko ƙwai ya fita a watan. A takardar an rubuta rana ta 21, a ɗakin gwajin ma ba wanda ya tambaye ni tsawon zagayen al'adata, aka ɗebi jini na biya kuɗi. Da na kai wa likita ta ce wannan sakamako ba shi da amfani. Rana ta 21 ta mai zagayen kwana 28 ce. Ainihin ƙa'idar ita ce kwana 7 kafin ranar da ake sa ran al'ada ta gaba, mai zagayen kwana 35 sai rana ta 28. Duk wadda za a rubuta wa wannan gwaji, ta faɗi tsawon zagayenta da bakinta ko ba a tambaye ta ba.

Sikanin ɗin ba irin na masu ciki ba ne da ake gogawa a kan mara. Ta gaba ake saka na'urar, kuma gara mace ta san haka tun daga gida ta shirya zuciyarta, ta kuma nemi mace ta yi mata in haka ya fi mata. Ba zafi, sai dai kunya da rashin sakewa. Mai hoton ta juyo min da allon ta nuna min ma'ajiyar ƙwaina: ƙananan baƙaƙen ɗigogi jere a gefe kamar carbi. Ta ce ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya a hanya, babu wanda ya nuna ya fita. Da likita ta haɗa wannan da wasan al'adata da sakamakon jini, ta ce ina da abin da ake kira PCOS. Alamu uku ake dubawa: rashin fitar ƙwai a kan kari, yawan sinadarin maza a jiki, da irin wannan hoto. Biyu daga ciki sun isa, bayan an tabbatar ba wata cuta ce ke kawo su ba. Na yi kuka a ranar, amma wani ɓangare na zuciyata ya samu sauƙi, domin abin da ke damuna tun ina 'yar makaranta ya samu suna, kuma ana maganinsa.

Saura hoton bututun mahaifa, wanda suke kira HSG. Shi ma da ranarsa: bayan jini ya ɗauke, kafin lokacin fitar ƙwai, wajen rana ta 7 zuwa ta 10, don kada a yi shi a kan ƙaramin ciki. Wata guda ya wuce mu saboda ranakun da suka dace sun cika da mutane, don haka ku kira ku kama layi tun ranar da al'ada ta zo. An ce in sha maganin ciwo awa ɗaya kafin lokaci. Na kwanta a kan wani tebur mai sanyi ƙarƙashin na'urar eksire, aka buɗe bakin mahaifa aka zura siririn bututu, aka tura wani ruwa da ke fitowa a hoto. Ciwon mara ne irin na al'ada amma ya fi shi murɗa, na riƙe hannun nas ɗin da ƙarfi tana cewa, "Yi numfashi, Hajiya, an kusa." Cikin 'yan mintoci aka gama. Ruwan ya bi ta dama ya zube, ta hagu kuwa ya tsaya. Gabana ya faɗi. Likita ta ce idan tsayawar a daidai bakin bututun ce ta wajen mahaifa, sau da yawa tsukewa ce ta ɗan lokaci saboda zafi, ba toshewa ta gaskiya ba, kuma ko da bututu ɗaya mai lafiya ana ɗaukar ciki. Ku tafi da audugar mata, ruwan yana biyo baya da ɗan jini, kuma kada mace ta je ita kaɗai.

Gwajin maigida na biyu ya ɗan fi na farko amma bai kai ba. Aka tura shi wajen likitan mafitsara, wanda ya duba shi a tsaye ya gano kumburin jijiyoyin jini a marainan hagu. Ya ce maza da yawa suna da shi ba su sani ba, yana ɗumama wurin ne, shi kuwa maniyyi ba ya son zafi. Nasa ƙarami ne. Ana iya tiyata, amma sai an jira wata 3 zuwa 6 kafin a ga ko ta yi amfani, kuma ba tabbas. Aka ce ya rage zama cikin zafi da matsattsun kaya, ya daina ɗora kwamfuta a cinya, ya rage ƙiba.

Sai da duk waɗannan takardu suka haɗu a fayil ɗaya sannan aka zauna maganar magani. Kafin nan mutane da yawa sun ba ni sunayen ƙwayoyi, wata ma ta kawo min ragowar Clomid ɗinta, wato maganin sa ƙwai fita, ta ce in gwada. Ina roƙon mata su bar wannan. Maganin sa ƙwai fita ba ya buɗe bututun da ya toshe, ba ya gyara maniyyi, kuma shan sa ba tare da ana dubawa da sikanin ba yana iya nunar da ƙwai da yawa lokaci guda. Likita ta shimfiɗa mana hanyoyi uku, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: ƙwayoyin sa ƙwai fita tare da saduwa a kan lokaci, sai zuba tataccen maniyyi cikin mahaifa, sai haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa.

Muka fara da letirozol, kwana 5 a farkon zagaye. Da na buɗe takardar cikin kwalin na ga an rubuta maganin sankarar mama ne, hankalina ya tashi na kira asibiti. Aka ce haka ne, don wannan aka fara yin sa, amma yanzu shi ake fara ba masu PCOS. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mata 750, aka wallafa a 2014, ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na waɗanda suka sha shi sun haihu, a kan kashi 19.1 na masu shan Clomid. Bayan na gama sha sai zaryar sikanin ana auna 'yar jakar da ƙwan ke ciki, har ta kai wajen milimita 18 zuwa 20, a yi min allurar hCG da ke sa ƙwan fita bayan kimanin awa 36. Maniyyi yana rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuwa bai wuce awa 12 zuwa 24 ba, don haka gara maniyyin ya riga shi isa. Wannan mataki ya gwada zamanmu fiye da kowanne. Abin da ke na so da sha'awa ya koma umarnin likita da duba agogo, kuma mun yi ɓacin rai da juna a kan abin da ba laifin kowa ba ne. Wani abu kuma: allurar nan tana sa gwajin ciki na fitsari ya nuna layi biyu na ƙarya har wajen kwana 10. Nas ta gargaɗe ni, na kuma ga wadda ba a gargaɗa ba ta shigo da murna ta fita da hawaye.

Ƙwai ya riƙa fita, ciki bai shiga ba. Muka koma mataki na biyu, wanda suke kira IUI. Ranar da aka sa, maigida ya ba da maniyyi da safe, aka wanke aka tace masu ƙarfin, aka zura su da siririn bututu har cikin mahaifa. Bai kai HSG zafi ba ko kusa, na kwanta 'yan mintoci muka tafi. Tun farko an gaya mana nasararsa ba ta cika wuce 10 zuwa 20 cikin 100 a kowane zagaye ba, kuma tana raguwa idan maniyyin ya yi rauni. Duk da sanin haka, ranar da na ga jini sai da gwiwata ta yi sanyi kamar ba a taɓa gaya min ba. Makonni biyun da ake jira tsakanin aiki da sakamako su ne mafi tsawo a duk wannan tafiya, ko wane motsi a mara sai zuciya ta fassara shi.

Da muka ga kuɗi na tafiya a zagayen da damarsa kaɗan ce, muka nemi zama kan dashen ƙwai, wato IVF. Maigida yana da shakka, yana ganin sabon abu ne da ba a san ƙarshensa ba. Likita ta ce jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta a Ingila ranar 25 ga Yuli 1978, ita ma ta girma ta haifi nata 'ya'yan, kuma Robert Edwards da ya jagoranci aikin ya samu kyautar Nobel a 2010. Saboda raunin maniyyin, ta ba da shawarar ICSI, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a tsira ta cikin ƙwai da allura, hanyar da aka fara haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Kafin komai sai da aka yi mana gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, mu duka biyu. Sannan takardun yarjejeniya, kuma ina ba da shawara a kai su gida a karanta a tsanake. A ciki akwai tambayoyi masu nauyi: me za a yi da 'yan tayin da suka rage, me zai faru da su idan ɗayanku ya rasu ko aure ya mutu. Mun rubuta ƙarara cewa ƙwaina da maniyyinsa kaɗai za a yi amfani da su. Batun kuɗi kuwa, adadin da aka fara faɗa mana ba shi ne na ƙarshe ba. Allurai daban, ICSI daban, daskarar da 'yan tayi daban, ajiyarsu daban, dasa wanda aka daskarar ma daban. Ku ce a rubuta muku komai a takarda ɗaya. Idan kuma asibiti ya faɗi yawan nasararsa, ku tambaya ta shigar ciki ce ko ta haihuwar jariri da rai, kuma ga mata masu shekaru nawa, domin shekarun mace su ne suka fi komai tasiri a nan, damar tana sauka sosai bayan 35, ta ƙara faɗuwa bayan 40.

Allurar da ke sa ƙwai da yawa su nuna a fatar ciki ake yin ta, kullum a lokaci ɗaya, yawanci kwana 8 zuwa 14. Nas ta koya wa maigida, shi ya riƙa yi min. Daren farko hannunsa na rawa, ya tsuke fatar ya tsaya yana kallona ya ce, "In ya yi zafi ki faɗa min," alhali allurar ba ta kai tsawon farce ba. Allurar ƙarshe an ba mu lokacinta har da minti, domin ana ciro ƙwan ne awa 34 zuwa 36 bayanta, in an makara sai ya fita da kansa. An sa ni barci, na farka da ciwon mara da labarin an samu ƙwai da yawa. Kada wannan adadi ya ruɗi kowa. Ba duka ne suka nuna ba, ba duk nunannun ne suka haɗu da maniyyi ba, waɗanda suka kai kwana 5 kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Duk wayar da aka bugo daga ɗakin gwajin, adadin ya ragu, kuma haka abin yake ga kowa.

Ba a dasa min a watan ba. Masu PCOS sun fi shiga haɗarin kumburin ma'ajiyar ƙwai bayan waɗannan allurai, ruwa ya taru a ciki, kuma shigar ciki yana ƙara tsananta shi. Cikina ya kumbura ya yi tauri, aka ce in riƙa shan ruwa ina auna nauyina kullum, in na ga numfashi na yi min wuya ko fitsari ya ragu ko amai ya ƙi tsayawa, in garzayo ko tsakar dare ne. Aka daskarar da 'yan tayin a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Na ji haushin wannan jinkiri a lokacin, yanzu kuwa na san shi ne daidai. Da jikina ya dawo aka shirya mahaifa da magani. Mun so a dasa biyu, likita ta ce ɗaya, domin cikin tagwaye yana zuwa da haɗarin bakwaini da hawan jini. Dashen ba ya buƙatar barci, sai dai a zo da mara cike da fitsari don hoto ya fito. Aka ba ni furojestaron na matsawa, aka ce in ci gaba da harkokina, kwanciya ba ta ƙara komai.

Gwajin jini ya nuna ciki, aka maimaita bayan kwana biyu don a ga ko sinadarin ciki na hCG yana ninkawa, sai a wajen mako na 7 aka ga bugun zuciya. Alhamdulillahi. Ina faɗin wannan ina sane da cewa cikin matan da muka saba haɗuwa a bencin nan akwai wadda ta yi dashe ya ƙi, ta sake ya ƙi, ba don ta gaza ni haƙuri ko addu'a ba. Akwai kuma waɗanda ƙwayoyin farko kaɗai suka wadatar, ba su kai inda muka kai ba.

Yanzu an mayar da ni sashen awon ciki. Kafin mu bar wancan sashe mun karɓi kwafin duk sakamakonmu, har da faifan hoton HSG da rahoton ɗakin gwaji kan 'yan tayin, domin duk asibitin da mutum ya koma ba takarda, daga farko za a sa shi ya fara. 'Yan tayin da suka rage suna ajiye, ana biyan kuɗin ajiyarsu duk shekara, kuma takardar amincewar tana da wa'adi da sai mun je mu biyu mun sabunta da sa hannunmu. An ja kunnenmu cewa in mun canja lambar waya ko adireshi mu sanar da su nan take.